Tsoho Baibai na Gidanmu ne

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da jaririnku da har yanzu a hoto kawai muka san shi. Allah ya raya shi, ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma nan muna lafiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, ta koma ɗinkinta. Baba yana shan magani a kan lokaci, yanzu yana iya takawa daga ɗaki zuwa ƙofar gida ba tare da an riƙe shi ba. Ni kuma na fara sabuwar makaranta, an ajiye ni a layin baya, inda na fi so.

Yaya, ka san ba na iya magana a waya. Da na ji muryarka sai tawa ta maƙale, kai kuma ka yi ta tsokanata kana cewa Kurma ta zo gaisuwa. Shi ya sa na rubuto, don abin da ke raina ba zai faɗu da baki ba. Ka yi haƙuri idan na yi rashin kunya, amma raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Maganar shirin barkwancinku na talabijin ce. Ranar da aka fara nuna ka, Baba ya sa aka fito da talabijin tsakar gida, aka jera benci, ya aika aka kira tela da mai kanti da mai gyaran babur su zo su ga ɗansa. Da ka fito da gemun auduga da sanda, ana kiranka Tsoho Baibai, ni ma na yi dariya. Sai ka zauna cin abinci ka ce wa matarka ta cikin shirin ta miƙo maka ƙusa, kana nufin cokali. Nan dariyata ta tsaya. Da ka kira ta Zarto, na dubi Umma, na ga ta sunkuyar da kai tana warware ɗinkin da ba shi da laifin komai.

Wa ke cewa ƙusa in yana son cokali, Yaya? Mutum ɗaya ne a duniya. Tun da ciwon shanyewar jiki ya kama Baba, kalmomi suka gudu suka bar shi da na aikin kafinta kawai. Ruwa ya koma fenti, takalmi ya koma guduma. Ranar da ya kira Umma zarto a asibiti kana tsaye a wurin, ka ga yadda ta yi dariya har dariyar ta koma kuka. Wannan abin namu ne na cikin ɗaki. Ashe kai tattarawa kake yi kana zubawa a aljihu. Gaskiyar masu magana, da ɗan gari akan ci gari.

Kada ka ce ban san wasa ba. Ina son barkwanci fiye da duk finafinan kuka da Umma ke kallo, waɗanda kowa ke mutuwa a gadon asibiti da kwalliya a fuska. Akwai shirin da nake so na wani maigidan gareji mai rowa, wanda yaransa ke ɗaure shi da bakinsa. Shi in an yi masa dariya ya cancanta, don shi ya ja wa kansa, gobe ma yana iya daina rowar. To Tsoho Baibai me ya yi? Me zai daina? Kuma dariyar nan da kuke sakawa a bayan kowace magana, na gane ta inji ce. Akwai wata mata a ciki mai dariya kamar tana shaƙewa, kullum ita ce, kullum iri ɗaya. Har injin sai da kuka koya masa ya yi wa ubanmu dariya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba yana dariyar shi ma. Yana buga cinya, yana nuna ka da haɓa, yana juyowa ya ga ko kowa na kallo. Bai gane ba. Amma ni a baya nake zama, ina ganin abin da ba ya gani. In ka ce ƙusa, tela ba talabijin yake kallo ba, ƙeyar Baba yake kallo, sannan ya taɓa mai kanti da gwiwar hannu. Yanzu yaran layi sun ɗauka. Shekaranjiya na je sayen sabulu, wani ya ce mini in miƙo guduma zai saka ya tafi makaranta, sauran suka kwashe da dariya. Na dawo ban sayo ba, na ce wa Umma kantin a rufe yake. Da na kai mata ƙorafin shirin, Umma ta ce in bar maganar, wai da aikin nan kake sayo maganin Baba. Na sani. Amma ban taɓa jin maganin da ake haɗawa da mutuncin mara lafiya ba.

Duk wannan da na haɗiye, da ban ga tallan shirin mako mai zuwa ba. An nuna ka a bayan ƙofar banɗaki kana ihu, katako, katako, 'yan gidan suna ta kawo katako suna tarawa a bakin ƙofa, matar injin nan tana shaƙewa. Yaya, ni da kai kaɗai ne a gida ranar da Baba ya faɗi a banɗaki yana kiran katako. Kai ka ɓalle ƙofar, ni na kawo zanen da ka rufe shi. Kai ka riƙe kafaɗata ka ce ko Umma kada ta ji, don namiji ba ya son a san an ɗauke shi a haka. Ban gaya wa kowa ba, ko ƙawata. Ni ƙarama na riƙe, kai babba za ka nuna wa duk mai talabijin.

Na yi tunanin in datse wayar eriya da filayar Baba, sai na tuna kowane gida a layin nan yana da tasa. Kai kaɗai za ka iya tsayar da shi. Ka je wurin masu shirin ka ce a cire wannan wurin. In sun ƙi, ka ce na mahaifinka ne, ba na sayarwa ba ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa har yanzu nake ce maka Yaya, amma in aka nuna banɗakin nan, kada ka ƙara cewa a ba Kurma waya.

Na tashi na zagaya in karɓo saƙon gaisuwa. Umma tana gaishe ka da Anti, ta ce a riƙa rufe wa jariri kai. Gwaggo ta ce ka yi ƙiba a talabijin. Kawu Direba, wanda zai kawo maka takardar nan, ya ce ka tanadar masa wurin kwana. Ka gaishe mini da Anti da ƙanwarta.

Baba na same shi a ƙofar gida. Na ce ina rubuta maka gaisuwa, ko yana da saƙo. Ya daɗe yana haɗa maganar a bakinsa. Ya ce in ce maka aikin yana kyau, amma ka gyara wuri ɗaya: tsohon naka hannun hagu yake ja, alhali na dama ne ya mutu. Bai kuskure kalma ko ɗaya ba. Ban san tun yaushe ya sani ba, kuma ban iya tambayarsa ba. Ko ya ga tallan ma, ban sani ba.

Ka huta lafiya. Ni ce ƙanwarka,
Auta