Awon Kujerar Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Anti da yara, ya ƙafar Inna? Takarda na ba direba ya kawo maka, don na san in ta waya ce sai ta tsufa ba ka buɗe ba.

Na ji abin da Baffa ya ce, wai in aiki bai dawo ba kafin ƙarshen shekara zai ba mai sayar da wayoyi shagon kafinta da Baba ya bar maka. Raina ya ɓaci ƙwarai. To ga dabara. Na buɗe maka shafi a intanet, kamar shago ne amma ba ƙofa. Sai dai shafi ba ya kiran mutane da kansa. Akwai wani dandali da jama'a ke liƙa hotunan kayan da suka burge su, duk wanda ya taɓa hotonka sai ya faɗo shafinka. Ka ɗauko min hoton kujerar nan mai lilo, ƙirar Baba, da hasken safe. Don Allah ka kawar da gwangwanin gam da tsohon silifas ɗinka tukuna.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna na gaishe ki. An tura hotunan ta wayar Antinki. Na share shago har maƙwabcina mai walda ya leƙo yana tambaya ko tashi zan yi. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya sayi kujera bai zauna a kai ba, amma ke ce 'yar boko. Allah ya yi miki albarka.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Albishirinka! Hoton ya bazu, dubban mutane sun adana shi, sai yabo ake. Matsalar ita ce suna kallo su wuce, ba sa shigowa shafin. Amma na lura tambayarsu ɗaya ce: tsawonta nawa, faɗinta nawa, wane katako ne? Ka aiko min da awon komai dalla-dalla, da hoton kowane ɓangare. Zan rubuta a ƙarƙashin hoton cewa cikakken bayani na shafinmu. Dole su shigo, in sun shigo kuwa ciniki ya faɗa.

Taka,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, ga awon. Sai da na kifa kujerar na bi ta da tef, don Baba bai taɓa rubuta shi ba, a hannu ya koya min, da ranƙwashi. Yau ne karon farko da na gan shi a takarda. Baffa ya biyo jiya, ya tarar da ni ina korar ƙuda, ya ce, “Ina mutanen intanet ɗin?” Na ce suna hanya.

Yayanki

Auta,

Ina fata kina lafiya. Wasiƙunki duk sun iso, na ga kina ta murna wai masu shiga shafi sun ninka. Ban amsa ba ne don ban san me zan ce miki ba.

Har yau ko mutum ɗaya bai ce a yi masa kujera ba. Waya kam ana bugowa. Wani ya kira daga wani gari can, ya ce, “Maigida, kafinta ne ni, Allah ya saka da alheri, wannan awo naka ya rufa min asiri.” Na ce amin, me zan ce? Shekaranjiya na je sayen ƙusa, sai ga kujeru irin ta Baba a jere bakin titi, an yi su da katakon banza an shafe da fenti mai ƙyalli. Na matsa kusa ina duba su. Mai kayan ya ce, “Zauna ka ji, sabon yayi ne, daga waje aka kwaikwayo.”

Auta, mutanen da kika tara min ba masu saye ba ne. Masu saye hoton suke kai wa kafintan unguwarsu su ce a yi musu irinta, shi kuma ya shigo shafinmu ya kwashi awo. Ba faɗa nake miki ba, ni na riƙe tef ɗin. Amma na gaji, wallahi na gaji.

Yayanki

Yaya,

Innalillahi. Na karanta a ofis, sai da na shiga banɗaki na yi kuka. Na cire awon nan take, amma aikin gama ya gama, wasu shafukan sun kwafe, har da masu sa sunansu a kan hotonka. Bari in kira Baffa in roƙe shi ya ƙara mana lokaci. Ko mu gwada tebur? Ka ce wani abu, don Allah.

Auta

Auta,

Kada ki kira Baffa, na riga na kai masa makulli. Mai wayoyin har ya fara fenti. Zarto da guduma suna ƙarƙashin gadon Inna. Ni kuma na samu wuri a wajen masu yankan katako.

Abu ɗaya nake so. Ki mayar da awon. Waɗanda na gani a titi an gajarta musu ƙafar lilon ta baya, duk tsohon da ya jingina da ƙarfi zai kifa. Ki rubuta musu da manyan baƙaƙe kada su rage ta. Tunda dai yin ta za su yi, su yi ta daidai.

Ki gaida mutanen gidanku.

Yayanki