Ina Hawan Dutse da Ƙarfen Gwiwar Yayana

Anti, ki yi haƙuri da na yi karambanin rubuto miki, ni da ban taɓa rubuta wasiƙa ba sai wadda ake sa mu a jarrabawa. Na san manya ne ke kawo miki damuwarsu, ta aure da ta aiki, tawa kuwa ta gwiwa ce kawai. Sau uku ina yaga takardar nan. Don Allah ki taimake ni, na gaji da ɓoyo.

Shekarata goma sha shida, ina aji biyar na sakandare. Muna da ƙungiyar masu hawan keke a makaranta, ba a kan kwalta muke yi ba, hanyar duwatsu da kwazazzabai muke bi a bayan gari. Mu goma sha ɗaya ne, mata uku. Ni ba mai magana ba ce, a aji ko abin da na sani aka tambaye ni sai muryata ta maƙale. Amma in na hau keke na kama gangara ba na jin nauyin kowa. Nan kaɗai ne nake sakewa.

Yayana ne ya koya mini. Shi ma shekara huɗu ya yi yana hawa, har ranar da ya faɗi jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke, aka yi masa aiki. Yanzu yana shagon gyaran waya, in ya daɗe a tsaye sai ya nemi kujera. Shi ya sa da na roƙi Baba ya bar ni in shiga ƙungiyar, wata biyu yana cewa a'a. Da ya yarda sai ya kafa sharaɗi ɗaya: ranar da na shigo gida da ciwo, ranar keken zai bar gidan, wai shi ya gama zaman bencin asibiti saboda taya biyu.

Mako uku da suka wuce, a wata kwana mai tsakuwa, tayar baya ta zame. Na sa ƙafar dama ƙasa don in tare, jikina ya juya, ƙafar ba ta juya ba. Na ji wani abu ya yi ƙas a ciki. Na tashi na karkaɗe jiki na ce wa mai horar da mu ba komai. Kafin yamma gwiwar ta kumbura kamar an hura ta.

A saman kabad ɗin Yaya akwai abin ɗaure gwiwa da likita ya ba shi bayan aikin, irin mai ƙarfe gefe da gefe da maɗaurai huɗu. Shi nake ɗauka in ya tafi shago. Na hagu ne, ni kuma dama ke mini ciwo, ga shi cinyarsa ta yi biyun tawa. Sai in cusa safa biyu a ciki, in ja maɗauran har ƙarshe, in rufe da wandon wasanni. Kafin mu gama hawa ya sulluɓo ƙwauri, ƙarfen ya saɓule mini fata. In na dawo in share shi in mayar yadda na same shi.

Abin da ke ruɗa ni, Anti, in yana ƙafata ba na jin tsoro. Gangarar da a da nake taka birki, yanzu sakin keken nake yi. Wata ƙawata a ƙungiya ta ce ai don haka aka yi shi, wanda ya ɗaura babu abin da zai same shi. Amma in na cire, sau biyu ke nan gwiwar tana kufce mini a matakalar ajinmu kamar ba tawa ba. A salla ba na iya naɗe ƙafar, har Umma ta ce wane irin zaman tsofaffi na koyo, ko kakata ta fi ni lanƙwasuwa. Na taya ta dariya, na shiga banɗaki na yi kuka.

Saura kwana goma sha biyu gasar makarantu, kuma da sunana a ciki. Na gaji da daidaita tafiya a gaban Baba, na gaji da satar kayan Yaya. Abin nan zai riƙe ni har in yi gasar, in ya so in faɗa daga baya? In na samu daidai ƙafata fa?

In ban takura miki ba, ina neman izininki in sake rubuto miki, don ba ni da wanda zan iya gaya wa.

'Yarki mai nauyin baki

'Yata,

Ba ki yi karambani ba. Gwiwar da za ta ɗauke ki har tsufa ba ƙaramar magana ba ce.

Amsar tambayarki a'a ce, kuma ba zan shafa mata zuma ba. Ni ba likita ba ce, amma na karanta wa wata likitar ƙashi wasiƙarki. Ta ce ƙarar da kika ji, da kumburin da ya biyo baya a ranar, da kufcewar nan a matakala, alamu ne da ba a wasa da su, sai an duba, wataƙila har da hoto. Duk kufcewa ɗaya na iya ƙara ɓarna a ciki. Ƙarfen gwiwa ba ya ɗinke jijiya. Yana taimakawa in likita ya auna ya bayar don ciwon da aka sani. Na wani kuwa, na ɗaya ƙafar, an cusa masa safa, yana yawo a ƙwauri, ba abin da yake riƙewa sai zuciyarki. Ya cire miki tsoron da ke sa ki taka birki, ya bar ki da gwiwar da ta fi ta da rauni. Ko kin sayi daidai ƙafarki, ciwon da ba a duba ba yana nan.

Game da Baba, kada ki ɗauke shi abokin gaba. Mutumin da ya zauna a ƙofar ɗakin tiyata yana jiran a fito masa da ɗansa, in ya kafa sharaɗi, tsoro ne ke magana. Sai dai zan faɗa ko a gabansa: sharaɗin da ya ce wanda ya ji ciwo ya rasa keke, ɓoyo yake koya wa yaro. Kina da taki gaskiyar, yana da tasa. Amma in ya gane da kansa, keken zai tafi, yardarsa ma ta bi shi, kuma ita ta fi wuyar dawowa.

Ga abin da za ki yi. Ki ajiye keken daga yau. Ki fara da Yaya, ki kai masa ƙarfen a hannu ki faɗa masa komai, shi ya san wannan ciwon fiye da kowa a gidan. In baki ya ƙi buɗuwa, miƙa masa wannan shafin ya karanta. Ku sami Umma, ku ukun ku je wa Baba, kuma abin da za ki fara roƙa asibiti ne, maganar keke ta jira ranar da likita ya yi bayani. Ki gaya wa mai horar da ku ya ba wata gurbinki tun da sauran lokaci. Zai yi miki zafi, na sani. Gasar bana ta wuce ki, duwatsun kuwa ba inda za su.

Ba zan yi miki alkawarin Baba zai bar miki keken ba. Yana iya yin fushi, yana iya ɗauke shi na wani lokaci. Ki daure, ki bi abin da likita ya ce, ki bar Yaya ya yi miki roƙo.

Izini kuwa na ba ki, amma da nawa sharaɗin: wasiƙarki ta fara da abin da likita ya faɗa. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sassauta zuciyar Baba, Ya hutar da ke daga wannan ɗawainiya.

Antinki