Babu Sunanka a Kwalin Ciyawar

Zuwa ga yayana, Hamma Umaru,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka da rai, ko a ina suke tsare da kai. Inna tana gaishe ka. Ni kuwa fushi nake yi da kai, kuma yau sai na faɗa.

Shekara uku ke nan da ranar da muka gudu daga Mubi, da 'yan bindigar daji suka shigo gari. Kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi. Ni na ɗauki maganin Inna, kai ka ɗauki littafin ciyawarka. A wani shingen jami'an tsaro kan hanyar Yola aka zazzage jakarka, aka buɗe littafin: sunayen duwatsu, tsayinsu, inda ruwa yake, hanyar da ake bi a hau, ga lambobi reras. Ka ce musu ciyawa kake tarawa. Suka yi dariya, suka ce taswirar maɓoyar mutanen daji ce. Ina kallo aka jefa ka bayan mota.

Ciyawa fa, Hamma. Wata 'yar aba dangin kajiji, wadda sai a kurmin saman dutse take fitowa. Ka hau acaba zuwa Muchalla, ka yini kana hawa, ka dawo ƙafa duk ƙaya. Ka shimfiɗa ta cikin tsoffin jaridu, ka danne da katako, ka hana ni share ɗakin har ta bushe.

Daga nan ka manna ta a farin kwali, ka rubuta lamba da wuri da rana, a kai ɗakin ajiyar tsirrai na makarantarku. Na taɓa tambayarka don me sunan Dokta, ogan naka, yake a gurbin wanda ya samo. Ka ce, "Haka aikin yake, Dija. Sunan oga ake sawa." Mutumin da iyakarsa gindin dutse, yana cikin mota yana ɓare gyaɗa.

To, ga inda haƙurinka ya kai mu. Lauya ya ce in aka nuna cewa lambobin littafin su ne na kwalayen, kuma aiki ne aka sa ka, akwai hanyar nemo ka. Na je makarantar. An fasa komai, amma kabad ɗin ƙarfen yana nan, mai gadi ya buɗe mini. Rubutunka ne a ko'ina, har bakwai ɗinka mai sanda a tsakiya. Sunanka kuwa babu ko a guda.

Sau huɗu ina bin Dokta har gida. Layi biyu kawai nake roƙo, ya ce shi ya aike ka. Wallahi ya murje ido ya ce bai cika tuna ka ba, masu yi masa dako suna da yawa, kuma ba ya son sunansa ya shiga irin wannan magana. Sunansa, wanda kai ka riƙa rubutawa da hannunka shekara da shekaru. Ban yafe masa ba, kuma in yana karanta wannan, ya san da shi nake.

A unguwarmu ta Nassarawo har yanzu akwai masu yin shiru in na wuce. Inna ta daina tambayata yadda na yi da Dokta, fuskata kawai take dubawa.

Jiya na koma makarantar, na zare kwali guda na sa a ƙarƙashin hijabi. Ban taɓa sata ba sai jiya. Ranar Litinin zan kai wa lauya a Yola, a gwada rubutun da na littafin, in ba su ƙone shi ba. Na san za ka ce kada in lanƙwasa, busasshiya ce, za ta karye. Ta riga ta karye a cikin Keke, Hamma. Ka zo ka yi mini faɗa.

Allah Ya tsare ka inda kake, Ya sassauta zuciyar masu riƙe da kai, Ya nuna wa Inna fuskarka tun tana gani. Amin.

Ƙanwarka,
Dija