Jana'izar Madam Hanratty

Dublin, 3 ga Maris, 1994

Yaya Fidelma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da mijinki Malachy da shanun nan naku marasa kunya.

Yaya, shirina na talabijin ya karɓu! Ni Dervla, da malamai suka ce bakina ne zai kashe ni, yau ga shi bakin nan ke ciyar da ni. Jiya a bas wani tsoho ya ƙura min ido, can ya ce, "Ba ke ce Madam Hanratty ta talabijin ba? Don Allah yi min maganar nan." Na karkace baki na ce, "Allah sarki, wa kuma muka rasa yau?" Har direba sai da ya yi dariya.

Yanzu so suke in ƙara rubuta kashi shida. Tsohuwar nan mutane ke so, mai kasa kunne a rediyo kowace safiya don jin sanarwar rasuwa, ta suri jaka ta tafi jana'izar wanda ba ta taɓa gani ba, ta sha shayinsu ta kushe burodinsu.

Wani abu na faruwa da ni. Da zarar an ɗora min gashin furfurar nan a ka an kunna fitilu, sai in daina ganin kyamara. Tafkin bayan gidanmu nake gani, gajimare ya sauko ya kwanta a kan ruwa, ina jin ƙamshin hayaƙin murhunmu. Nakan manta a inda nake har sai wani ya taɓa kafaɗata.

Mama ta kalla kuwa? Shiru ban ji daga gare ta ba.

Taki,
Dervla

Leitrim, 11 ga Maris

Dervla,

Muna lafiya. Shanu ma suna lafiya, kuma sun fi wasu kunya.

Ta kalla mana. Duk gari sun kalla. Ke a zatonki don kin sauya suna ba za a gane Mama ce ba? Har yadda take rungumar jaka a ƙirji kika kwaso.

Makon jiya aka binne tsoho Packie Gilhooly. Bayan an fito daga coci aka taru gidansa shan shayi. Mama na miƙa hannu za ta ɗauki burodi, sai wani shashasha ya maƙale murya daga baya ya ce, "Wa kuma muka rasa yau?" Aka yi ta ƙunshe dariya. Ta janye hannunta, ta yi wa matar Packie sallama, ta taka har gida cikin ruwan sama. Tun ranar ba ta sake kunna rediyo ba. An yi rasuwa biyu, ba ta je ko ɗaya ba.

Shekararki uku lokacin da Baba ya faɗo daga kan gini a Ingila, shi ya sa ba ki sani ba. A can aka binne shi. Mu huɗu ne a bakin kabarin: ni, Mama, limamin coci da mai haƙa. A jirgin ruwa muna dawowa ta rantse cewa muddin tana da ƙafa, ba wanda za a sake binnewa a yankinmu babu mutane. Shayin da kike yi wa dariya ke nan.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba. Amma na gaishe ki.

Fidelma

Dublin, 19 ga Maris

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma jin kunyarki.

Yaya ta faɗa min komai. Wallahi ba raini ba ne. Tun ina ƙarama ba abin da nake son kallo kamar ke a bakin taga da safe, hasken tafki na wasa a fuskarki, mai rediyo na jero sunaye, kina gyaɗa kai kamar duk 'yan'uwanki ne. Kewarki ce ta sa na saka ki a jikina, sai na fitar da ke kasuwa ban tambaye ki ba.

Kwanakin nan ko idona biyu ina ganin Baba. Ban san fuskarsa ba, sai bayansa, yana tafiya a kan ruwa a hankali, ba kowa a bayansa.

Na gaya wa masu shirin ba zan yi kashi shida ba. Guda ɗaya zan yi, in kashe Madam Hanratty kowa ya huta. Mai ba da umarni ya ce to, amma shi zai tsara ƙarshen: wadda ta halarci jana'izar kowa, ranar tata coci wayam, ba wanda ya zo. Wai a nan dariyar take. Ban so ba, amma na gaji da jayayya. Ranar sha huɗu ga Afrilu za a ɗauka, daga nan ba za ki sake ganinta ba.

Ki koma zuwa jana'iza, Mama. Ki yafe min.

'Yarki,
Dervla

Leitrim, 25 ga Maris

Dervla,

Ina amsawa. Kina cin abinci kuwa? A talabijin duk kin rame.

Matar nan ba ni ba ce. Ni ban taɓa taɓa burodi kafin in gaisa da masu makoki ba, ki gyara wannan. Kuma burodin gidan Gilhooly da gaske ya bushe.

Ki kashe ta in kina so, ke kika haife ta. Amma ki faɗa wa wannan mai ba da umarnin cewa ba a yin haka. Na yi magana da Malachy ya samo bas. Masu zuwa jana'izarta mu talatin da biyu ne zuwa yanzu, har da matar Packie da shashashan nan, wanda na sa ya zo ya ba ni haƙuri.

Ki aiko min da sunan cocin da ƙarfe nawa. Zan zauna a layin gaba, tunda ba ta da kowa.

Allah ya yi miki albarka.

Mamanki