Kabad ɗin da na ce gara ta ci

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, ina fatan makwancinki na da sanyi da yalwa. Na san takardar nan ba za ta isa gare ki ba, amma maganar ta gaji da zama a cikina.

Maganar kabad ɗinki ce, wanda mahaifinki ya sa kafinta ya yi miki a Funtua shekarar da auduga ta yi kyau. Katakon maɗaci, ƙofar gilashi mai zamewa, ƙafafu sirara a karkace kamar na maraƙin da ke koyon tsayuwa. Kowace Juma'a sai kin kwashe tasoshi kin shafe shi da man gyaɗa. In na jingina, ki ce, "Tashi, ba bango ba ne."

Kin bar wasiyya a kai wa Ummi, 'yata mai sunanki, ranar jerenta. Na ce to.

Da biki ya matso, sai kunya ta kama ni. Na hango 'yan ganin ɗaki suna taɓe baki, wai Malam Sani ya kai 'yarsa Malumfashi da kayan kaka. Ana haka sai ga wani mutumin Abuja mai bin gidaje neman tsofaffin kayan katako. Ya durƙusa gaban kabad yana shafawa, har da shinshinawa, wai babu ƙusa ko ɗaya, an daina irin wannan aiki. Ni kuwa a raina na ce na samu wawa. Ya kawo sabo mai ƙyalli muka yi musaya. Na ce wa Ummi gara ta cinye naki.

Sabon ya kumbura tun daminar farko.

Shekaranjiya Ummi ta turo mini hoto a waya. Shagon masu tara irin kayan nan ne, ga kabad tsaye an haska shi kamar ango, har da tabon da fitilarki ta ƙona a gefensa. Ta rubuta, "Baba, ka ga irin na Inna." Ba ta ƙara ko kalma ba. Ta san tabon nan, Inna. Kunyata take ji, shi ya fi ci mini rai.

Gobe in Allah ya kai mu zan shiga mota zuwa Malumfashi in faɗa mata gaskiya da bakina. Ke kam babu motar da za ta kai ni wurinki. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, kuma kada ya kama ni da amanar nan.

Ɗanki mai furfura, marar wayo,
Sani