Turmi a Kan Sabon Daɓe

La Courneuve, Paris, 4 ga Nuwamba 1986

Ɗiyata Raliatou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da nauyin jiki, ki gaida maigidanki.

Ƙanwarki ta dawo daga Lyon, ta ce ta tarar an farfashe daɓen ɗakin girkinku, an shimfiɗa tiyo birjik kamar hanji. Wai ruwan zafi zai riƙa bi ta ƙarƙashin ƙafa. Saura wata guda ki haihu, yanzu ne lokacin fasa gida? Safa ta ƙare a Faransa ne? Zan zo in yi miki jego kwana arba'in kamar yadda aka yi mini a Damagaram. Turmina na tafe da ni. A gama wannan shirmen kafin in iso.

Mahaifiyarki,
Hajiya Sahadatou

Bron, Lyon, 12 ga Nuwamba

Inna,

Barka da sanyi, ina gaishe ku da Baba.

Maigidana Maazou don ku ya yi. Ya ce bara da kuka zo, ƙafafunku sun yi ciwo saboda zaman ƙasa. An zuba siminti, an ɗora karo, wato tayil ɗin daɓe. Sai dai mai aikin ya ja kunne: ba a daka a kai, tiyon na iya fashewa. Don Allah ku bar turmin a Paris. Mun sayi injin niƙa na lantarki.

Taku,
Raliatou

Bron, 19 ga Disamba

Alhaji,

Bayan gaisuwa da girmamawa, jikanka da uwarsa suna lafiya, amma gidan ba lafiya.

Na gwada injin nasu. Yaji ya fito ba ƙamshi, ba zan ba mai jego wannan ba. Ranar Litinin, da yaron nan, mijinta, ya tafi aiki, na ninka bargo huɗu, na ɗora turmi, na daka citta da kanwa. Ban yi minti goma ba. Laraba biyu daga cikin karon daɓen suka tsage, ruwa yana tsattsafowa. An rufe famfon zafi na gidan gaba ɗaya. Jariri ɗan kwana goma sha biyu, muna naɗe shi cikin barguna uku, uwarsa ta fara tari.

Maigidan kuwa ya ɗora laifin kan mai aikin, wani dattijo ɗan Portugal, ya ce zai kai ƙararsa ranar Litinin. Raliatou ta ji dakan, amma ba ta gaya masa ba, kallona kawai take yi. Ni da na yi shekara ashirin ina dukan 'ya'yanmu kan ƙarya.

Ka san ba zan iya haɗa ido da suruki in yi wannan magana ba.

Matarka,
Sahadatou

Bron, 21 ga Disamba

Zuwa ga maigidan Raliatou,

Sallama da gaisuwa. Na bar wannan takarda a kan teburinka.

Ka ƙyale dattijon nan, aikinsa ba shi da aibu. Ni na yi daka, bayan an hana ni. Ka yafe mini.

Gobe, in ka amince, zan ɗauki Raliatou da yaron a jirgin ƙasa su ƙarasa arba'in a wurinmu, inda akwai ɗumi. In an gyara ka zo ka ɗauki iyalinka. Gaba kuma, kafin ka fasa gida don tsohuwa, ka tambaye ta.

Allah ya yi maka albarka.
Inna