Kwalba ta Bakwai

Levenshulme, Manchester
4 ga Oktoba, 2004

Zuwa ga Alice,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da yara da aikin asibiti. Ni lafiya lau, sai gwiwa. Likitana, GP, ya ce tsufa ne, na ce masa wannan ai ba sai na je jami’a zan sani ba.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna bayan shekara biyu. Ba dogon zance ya kawo ni ba. Kin san kulob ɗinmu na masu ɗanɗana jan ruwan inabi. Duk wata mukan haɗu a gidan ɗayanmu, a zura kwalabe shida cikin safa don kada a ga takardar jikinsu, kowa ya kurɓa ya faɗi irin inabin da ƙasar da ya fito. Tun rasuwar yayarki Clara ban sake karɓar baƙuncinsu ba. To, layi ya zagayo kaina, Asabar ta ƙarshe a Nuwamba. Gordon, tsohon malamin makarantar nan mai gemu da ke shugabantarmu, ya ce in ba zan iya ba sai a tsallake ni. Wai a tsallake ni. Ni da na fara da wankin kofuna a otal a Hulme da ilimin aji uku, yau ga ni da shagona a Stockport Road, masu digiri suna zuwa su tambaye ni abin da za su sha da naman rago.

Abin da ya tsaya mini shi ne, a gidana kwalabe bakwai ake jerawa. Ta bakwai zoɓon Clara ce, a cikin koriyar safar da ta saƙa da hannunta. Kowa ya san zoɓo ne, amma sai a yi kamar ba a sani ba. Gordon ya tashi ya juya kofi ya shinshina, ya ce daga kudancin Faransa ne, Clara tana bakin kicin tana dariya har da riƙe ciki.

Ki rubuto mini yadda take yin sa. Shi ke nan buƙatata.

Ki gai da yara. Allah ya bar zumunci.

Ishaku Tanimu

Ladywood, Birmingham
12 ga Oktoba, 2004

Malam Ishaku,

Na amsa gaisuwarka. Muna lafiya, mun gode Allah.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na ajiye, sannan na sake karantawa a zaune, ina neman ko akwai wani layi da na tsallake. Babu. Zoɓo kawai kake nema.

Bari in tuna maka. Ina Wusasa ina jinyar Mama Ramatu lokacin da Clara ta cika. Mama ta sa aka share wuri kusa da kabarin Baba. Muna jiran a gaya mana ranar da jirgi zai sauka, sai ga waya wai har an binne ta a Manchester. Ba ka tambayi kowa ba. Mama ta bi ta kafin damina, tana ta tambaya ko ana kai wa ’yarta ziyara a cikin wannan sanyi. Har yau ban san hanyar kabarin yayata ba.

Batun zoɓo kuwa, ba a takarda Mama ta koya mana ba, a tsaye muka koya, da ludayi a hannu. Kai da kake shinshina kofi ka faɗi ko an yi ruwan sama a Faransa a shekara kaza, duk tsawon zamanku kana shan zoɓonta amma ba ka san abin da ke ciki ba? Ka tambayi hancinka.

Ka huta lafiya.

Alice

Levenshulme
10 ga Nuwamba, 2004

Alice,

Ina gaishe ki. Saƙonki ya iso, kuma na tambayi hancin nawa kamar yadda kika ce.

Na sayo zoɓo mai kyau wurin Shetu, ’yar Ghanan nan ta kasuwar Longsight. Na tafasa da citta da kanumfari, na sa sukari, na tace. Da na ɗanɗana na ji yana da kaifi, sai na yi masa abin da nake yi wa duk wani jan abu mai kaifi. Na juye shi a babban tulun gilashi ya sha iska, sannan na ɗura a kwalba, na toshe, na kwantar da ita a ɗakin ƙasa na shago don ya kwanta ya nuna. Shekaranjiya muna sauke kaya da Lawal, abokina mai motar da ke kawo mini kaya daga wajenku, sai muka ji kamar harbin bindiga. Toshiyar ta tashi, zoɓo ya wanke silin. Lawal da bakin azumi ya yi dariya har ya zauna a kan kwali. Ya ce a duk ƙasar Hausa ni kaɗai ne zan ajiye zoɓo ya tsufa.

Saboda haka kwalabe shida za a jera. Na haƙura.

Ɗaya maganar kuma, ba zan ce miki na yi nadama ba, don ba na ƙarya a takarda. Duk Lahadi in an tashi daga sujada nakan hau bas in je wurinta. In cire ciyawa, in gaya mata wanda ya yi aure da wanda ya rufe shago. Mun zo ƙasar nan da akwati ɗaya, muka kwana a ɗakin da sai mun sa riga biyu. Da an kai ta Wusasa, wace bas zan hau? Da za a sake, haka zan sake yi. Abin da hakan ya yi wa Mama kuwa, ina ɗauke da shi, ba sai an tuna mini ba.

Ki gai da yara.

Ishaku

Levenshulme
28 ga Nuwamba, 2004

Zuwa ga Alice,

Gaisuwa da fatan alheri. Yanzu na dawo daga wurin Clara, na ba ta labarin jiya, na ga ya kamata ke ma ki ji.

Mutane sun fara isowa da yamma lis. Na fito da kofunan da muka saya a shekarar da na buɗe shago, na yi tsire a oven don a samu abin taɓawa, ko da yake Gordon ya ce yajin zai kashe wa kowa harshe. Na ce masa harshen da yaji zai kashe ba harshe ba ne. Koriyar safar na ninke ta na ajiye a ƙarshen tebur, babu komai a ciki. Kowa ya gan ta.

Ba yabon kai ba, na yi abin da na saba. Ta farko na ce Rioja ce ta ƙasar Sifen, haka ta fito. Ta uku wani sabon memba, lauya ne, ya yi mana dogon jawabi cewa Bordeaux ce ta Faransa mai tsada, yana jin ƙanshin fatar kujera da sigari. Na ce masa ɗan’uwa, wannan ’yar Chile ce, ina sayar da irinta a kanta ta ƙasa kusa da ƙofa. Aka zare safa, aka fashe da dariya. Ta biyar ta kayar da ni, na ce Italiya ashe Portugal ce. Na faɗi wannan ne don kada ki ce abin da na ci kawai nake lissafawa.

Muna gama ta shida aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gordon ya je. Na hango Lawal daga bakin ƙofa, kin san ba ya shiga inda aka buɗe kwalbar giya. Ya miƙa wani abu ya juya. Sai ga Gordon ya dawo da kwalba a cikin shuɗiyar safar ƙwallo, doguwa har da lanƙwasa. Safar ƙungiyar ƙwallon Birmingham a kan teburina, a Manchester. Ya ce an ce lamba bakwai ce, kuma mai gida ne zai fara.

Ya zuba mini. Na ɗaga kofin a gaban fitila, launin ya fi na Clara duhu, ya ja zuwa baƙi. Na shinshina. Alice, ɗakin ya ɓace mini. Na ga kaina a tsakar gidanku, ina saurayi da wandon aro, na zo gaishe da Baba, gumi yana zuba. Clara ta ɓuya a ɗaki don kunya. Wata ’yar yarinya mai bakin tsiya ta kawo mini zoɓo a kwanon sha, ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta ce in ban shanye ba ba za a ba ni yayarta ba.

Na kurɓa. Duk sun zuba mini ido. Gordon ya ce, “To, mai gida, na Clara ne ya dawo?”

Na ce, “A’a. Clara ɓawon abarba take sawa, kuma farin sukari. Wannan mazarƙwaila ce, da ’yar kanwa don a kashe tsami. Ba a tafasa shi ba, jiƙa shi aka yi ya kwana. Gida ɗaya ne, hannu daban. Ƙanwarta ce. Kuma har yau tana cika citta.”

Ashe na sani. Da kika tambaye ni a takarda ban sani ba, sai da kofi ya zo bakina.

Lauyan ya tambaya wace shekara zai rubuta. Na ajiye kofin, na kau da kai. Gordon ya gane, ya tashi ya juya kofinsa ya ce babu shakka kudancin Faransa ne. Na shiga kicin na daɗe ina wanke kofin da ba shi da datti. Kafin su tafi na cire shuɗiyar safar na sa wa kwalbar koriyar. Ta zauna daidai.

Ban san ko aiken nan yana nufin an yafe ba, ko kuwa tausayin silin ɗin shagona kika ji. Ba zan matsa miki ba. Na gode.

Naki,
Ishaku

Ladywood
2 ga Disamba, 2004

Yaya Ishaku,

Na gaishe ka. Ban cika citta ba, harshenka ne ya zama na Turawa.

Lahadi mai zuwa ba ni da aiki. Coach ɗina, doguwar motar da zan hau, zai iso kafin a tashi daga sujada, ka zo ka tarye ni. Ba na son taksi, bas ɗin da kake hawa za mu hau, ina so in koyi hanyar.

Ka sayi abarba, ka ajiye ɓawon. Na Clara zan nuna maka, a tsaye, da ludayi a hannunka.

Kuma ka wanke safar nan ka riƙo, ta autana ce, yana ta nemanta.

Ƙanwarka,
Alice